Daren da Ajuba Ta Dawo Soba

A ƙarshen shekarar 2022, a wani layi na unguwar Soba da ke kudancin Khartum, an yi wani saurayi Bakatsine da aka shafe wata uku ana kiransa Ajuba. Sunan mace ne, macen ma tsohuwa, tsohuwar ma ba ta kirki ba. Mai shayin bakin layi ce ta raɗa masa, yara suka cafe, har ta kai direban raksha kan rage gudu ya leƙo ya ce, "Ajuba, za ka kasuwa?" Saurayin nan ni ne. Amma da yake ba a san Bahaushe da tsayawa gaban jama'a yana lissafa wautarsa da bakinsa ba, ku yi mini uzuri in koma gefe in ba da labarin kamar na wani. Za mu kira shi Injiniya, sunan da ya fi so, wanda kuma babu makarantar da ta taɓa ba shi.

Injiniya ɗalibin ilimin haɗa magunguna ne. Duk abin da ya haɗa shi da kwamfuta bai wuce bidiyo goma sha biyu da ya kalla a YouTube a kan yaren Python ba, sai kuma ranar da ya gyara wa wani maƙwabci firinta ta hanyar kashe ta ya sake kunnawa. Daga ranar aka fara ce masa bashmuhandis, wato babban injiniya, domin Sudanawa ba su da rowar muƙami. Shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, ya fara yawo da jakar kwamfuta ko da sayen burodi za shi.

Wanda tsautsayin ya faɗa wa kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, malamin Larabci da ya baro Katsina a 2016 ya zo ƙaro ilimi a Umdurman, ya gama digiri na biyu ya zarce na uku. Bincikensa a kan Hausawan Sudan ne: jikokin mahajjatan da suka taho a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira suna cewa baɗi za su ƙarasa Makka, da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin da suka kafa kusa da Sinnar yake amsa sunan Mai Wurno har gobe. Shekara shida Kawu yana bin tsofaffi da tambaya. Duk abin da ya ji, a wata manhajar ajiye rubutu yake zubawa, a waya in yana hanya, a kwamfuta in yana gida.

Rubutu 2,140 ne a ciki. Akwai hirarraki da dattawan Mai Wurno. Akwai jerin kalmomin Hausa da suka shiga Larabcin Sudan suka yi zaune, irin su agashe, naman da ake gasawa da ƙuli-ƙuli a titunan Khartum, wanda ɗan Katsina in ya gani tsire zai ce masa. Akwai babi-babin kundin digiri, rabi da Larabci rabi da Hausa. Akwai bashin shayi, lambobin fasfo, maganin basir kala uku, da wasiƙun da yake tsarawa kafin ya tura wa iyalinsa. Kawu kuma irin malaman nan ne da ba sa wasa da ƙugiyar harafi: in ka turo masa saƙo ka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", sai ya tambaye ka ko maciji kake nufi.

Abin da ya shiga tsakanin Kawu da manhajarsa ya faro ne ranar 25 ga Oktoba 2021, da sojoji suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya aka datse intanet sama da mako uku. Kawu ya buɗe waya ya tarar kan kowane rubutu yana nan, amma cikinsa yana can wani rumbu a bayan teku. Ga kwano ga murfi, babu tuwo. An taɓa yin haka a watan Yunin 2019, har sama da wata guda, ya yi haƙuri. Wannan karon ya ƙullace ta. Ga kuma kuɗin wata-wata da dala. Amurka ta janye takunkumin kasuwanci a kan Sudan tun Oktoban 2017, amma biyan kuɗi ta intanet daga Khartum bai daina zama aikin roƙo ba, katin naira kuwa a 2022 bankuna da dama sun tsuke shi zuwa dala 20 a wata. Ba zan faɗi sunan manhajar ba, don ba ta da hannu a abin da ya biyo baya. A gidan dai uwargida ake ce mata, tun ranar da Injiniya ya zo da labarin amarya.

Amarya ita ce sabuwar manhaja, cikin irin waɗanda ke ajiye kowane rubutu a matsayin fayil mai zaman kansa a cikin kwamfutarka, da tsarin Markdown wanda John Gruber ya fito da shi a 2004. Rubutu ne zalla. Ko manhajar ta mutu gobe, kana iya buɗe shi da kowace irin na'ura. Ba ya neman intanet, ba ya neman dala. Har yau ban ga aibin shawarar ba. Matsalar ɗaya ce: kayan uwargida ba sa shiga ɗakin amarya yadda suke. In ka ce ta ba ka kayanka, sai ta ɗaure su duka a ƙunshi guda, ƙaton fayil mai tsarin XML, kowane rubutu a naɗe cikin alamomi. Dole a sami ɗan dako, wato 'yan layukan umarni da za a rubuta wa kwamfuta, ya kwance ƙunshin, ya zaro kowane rubutu, ya ba shi suna, ya jera shi a sabon ɗaki.

Akwai 'yan dako shiryayyu da masana suka rubuta suka saka kyauta a intanet, jama'a da yawa sun gwada su. Abokin zamansu, wani ɗan Maraɗi mai karatun lissafi wanda magana ba ta dame shi ba, ya faɗi haka sau ɗaya. Injiniya ya yi masa kallon da tela ke yi wa mai sayen gwanjo.

"Layi arba'in ne kawai. Kafin Kawu ya shanye gahawarsa ta jabana na gama."

"Ɗan nan," in ji Kawu, "shekara shida ce fa a ciki."

"Allah gafarta Malam, ko wasali ɗaya ba zai faɗi ba."

Ta wani ɓangaren ya cika alkawari, wasulan boko ko ɗaya bai faɗi ba. Bai dai ce komai a kan baƙaƙe ba.

Aka sa daren Juma'a. Injiniya ya fito da angarib tsakar gida, gadon igiyar nan na Sudanawa, ya ɗora kwamfutar da Kawu ya saya ta hannu a Suk al-Arabi, ya jira aka kawo wuta. Layi arba'in suka zama saba'in. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya danna, baƙin allo ya yi ta zubo sunaye kamar ana kiran rajista, kafin ya gyara zama an ce an gama. Ya buɗe rubutun farko.

Inda Kawu ya rubuta "ƙasa", sai ga ئ™asa. Inda ya rubuta "ɗaki", sai ga ta kuri da dogon layi, sannan "aki". Kowace ƙ ta koma harafin Larabci mai goye da 'yar alamar nan ta kamfanoni, kamar wani attajiri ya yi mata rajista cikin dare. Larabcin ya fi ban tausayi: kowane harafi ya haifi biyu, na farkon kullum ɗa mai hannu ne ko zadi, shafi guda ya koma allon yaron da malam ya hana shi wuce baƙi biyu.

Ba aljanu ba ne. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙera a 1992, kuma yau akasarin intanet a kansa take tafiya, haruffan Ingilishi kowanne bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ da haruffan Larabci kowanne biyu yake ci. Kwamfutar Kawu an saita ta a kan Larabci, kuma Python a kan Windows, in ba ka gaya masa da wane ma'auni zai karanta fayil ba, na gida yake ɗauka. Na gidan nan shi ne tsohon jadawalin Windows-1256, mai ba kowane bayit harafinsa. Sai ya tsaga kowace ƙ biyu, ya raɗa wa kowane ɓari suna. Ka aiki yaro a auno gero da tiya, ya je ya auna da gwangwanin madara, ya dawo maka da lissafi daidai wanda ba zai amfane ka da komai ba. Ko tari ɗan dakon bai yi ba, don a wurinsa ba a yi kuskure ba.

Zuwa nan babu abin da ya ɓata. Kalma ɗaya za a ƙara wa layi ɗaya, shi ke nan. Ɗan Maraɗi ya fito shan ruwa, ya leƙa, ya faɗi kalmar, ya koma ya kwanta. Sai dai kafin fitowarsa Injiniya ya riga ya shiga intanet ya samo wani maganin: layi biyu da Turawa ke wanke haruffa da su, su mayar da é ta Faransanci e, su zubar da duk abin da ya rage wanda ba ya cikin alamomi 128 na tsohon jadawalin ASCII. Ya zuba maganin ɗan Maraɗi, ya bar na Turawa a ciki, irin majinyacin da ke haɗa allurar asibiti da jiƙon 'yar mai ganye don kada ɗaya ya yi asara. Ɗalibin haɗa magunguna ne fa, kada ku manta.

Abin da bai sani ba, é a wurin Unicode e ce da aka ɗora wa hula, ana iya cire hular a bar kai. Ƙ kuwa ba k ce da aka rataya wa ƙugiya ba. Harafi ne guda, mai lambarsa, ba ya rabuwa. Haka ɗ, haka ɓ, haka ƴ ta mutanen Nijar. Ni a ganina an yi mana adalci a nan, an ɗauki haruffanmu 'ya'yan gida ba agola ba. Amma wankin Turawan nan, duk abin da ya ƙi rabuwa, ɗungurungum yake zubar da shi a kwata.

Ya sake dannawa. Ya buɗe rubutu uku don gwaji: lambobin jirgi, adireshin ofishin jakadanci, da lissafin kuɗin haya. Fes. A ƙasan allo an rubuta fayil 1,377. Ya ɗan tsaya, ya cire daga 2,140 a zuci, ya ce ai dama Kawu akwai maimaita magana. Ya goge ƙaton ƙunshin saboda wuri ya yi ƙaranci, ya zubar da kwandon shara don tsafta. Da aka dawo daga sallar asuba ya shaida wa Kawu amarya ta tare, ana iya sallamar uwargida. Kawu, wanda ya shekara yana jiran wannan rana, ya zaɓi duka ya goge. Manhajar ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya tabbatar mata sau biyu.

"Saura ɗaya ya cika uku," in ji ɗan Maraɗi daga ɗaki.

Da hantsi, bayan an ci ful, waken nan na Sudanawa, Kawu ya sa tabarau ya buɗe babi na uku. Injiniya ya zauna kusa yana jiran addu'a.

"Ɗan nan, ina ne asar Hausa?"

Shiru.

"Sun bar asar Hausa da afa, suka yi wata tara, kui ya are. Wace ƙabila ce ke wannan yaren?"

Ya ci gaba da ja, muryarsa na yin ƙasa, abin da duk wanda ya san Kawu ya san ba alheri ba ne. Ɗaya ta koma aya. Ƙwai ya koma wai. Ƙara ta koma ara, ta yadda duk wanda Kawu ya taɓa ƙara wa kuɗi, yanzu ara masa ya yi. A wata wasiƙa da bai kamata kowa ya gani ba, malami mai shekara hamsin da biyar ya shaida wa uwar 'ya'yansa cewa yana aunarta dare da rana. 'Yan da 'ya'ya kaɗai suka tsira, saboda mu a Najeriya da 'yar alamar sama da y muke rubuta su. Da kundin ɗan Maraɗi ne, da su ma sun bi ruwa.

Sannan aka zo kan Larabci. Babu shi. Duk inda yake a cikin rubutu ya koma fili fetal, sai lambobi tsaye jefi-jefi kamar kututture a sassaben gona. Waɗanda kansu ma da Larabci aka rubuta kuwa, su 764, an wanke sunan har ba abin da ya rage, sai duka suka tashi da suna iri ɗaya, wato babu suna, kowanne ya zo ya kwanta a kan na gabansa ya shafe shi. Hirar dattawan Mai Wurno, sharhin littattafai, rabin kundi, duk sun bi ta ƙofa ɗaya sun tattake juna. Wanda ya shigo ƙarshe shi ya rage. Da aka buɗe shi sai ga lambobi huɗu: 3, 5, 2, 7. Bashin shayin makon ne.

Kawu ya cire tabarau, ya ninke, ya yi salati sau ɗaya. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da an fi samun sauƙi.

Injiniya ya sulale bakin layi. Mai shayin dattijuwa ce, Bahaushiyar Sudan, kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar hajji. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, da Larabci barbaɗe a kai kamar yaji. Ta dubi fuskarsa ta zuba masa ba tare da ya tambaya ba. Ya ba ta labari gwargwadon yadda za ta gane. Da farko ta ce lissafin ma ba daidai ba ne, kofi goma sha tara ne ba sha bakwai ba. Sannan ta tafa hannu.

"Ya waladi, ashe kai ne Ajuba! Ajuba al-kharrabat Soba!"

Karin magana ne da Sudanawa ke jefa wa mai ɓarna: Ajubar da ta rushe Soba. An ce wata tsohuwa ce mai kyakkyawar ɗiya, ta yi ta karɓar dukiyar aure daga manyan gari ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowanne alkawari tana haɗa su faɗa, har gari ya cinye kansa. Kowace kaka da yadda take ba da labarin, amma rushewar ba tatsuniya ba ce. A tsallaken kogi ta gabas, tafiyar 'yan mintoci ta gadar Soba, akwai tuddan fasasshen jan bulo, ragowar babban birnin daular Alwa ta Kiristocin Nuba. Ibn Sulaim al-Aswani, wanda aka aiko daga Masar a ƙarni na 10, ya ba da labarin yalwatattun gidajenta, da lambuna, da coci-coci masu zinariya, da unguwar da Musulmi ke zaune. Wajen 1500 ta faɗi. David Reubeni, matafiyin Bayahude da ya ratsa ta a 1523, kufai ya tarar. Da Turkawan Masar suka tashi gina Khartum a ƙarni na 19, bulon Soba aka riƙa kwasowa. Ita ma dai an yi mata ƙaura daga tsohon gida zuwa sabo, kuma ba wanda ya ƙirga abin da ya zube a hanya.

Kawu ya taɓa kai shi wurin, cikin rana mai narka kwalta, ya kuma gaya masa wani abu da a lokacin ya shiga ta kunnen dama ya fice ta hagu: littafin al-Aswani kansa ya ɓata. Abin da ya iso mana daga cikinsa guntaye ne da marubutan baya suka kwafa, musamman al-Maƙrizi, malamin tarihin Masar da ya rasu a 1442. Injiniya ya ajiye kofi. To, wa ya kwafi Kawu?

Tsohuwar kwamfuta! Wadda gilashinta ya fashe wata huɗu da suka wuce, aka kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar Umdurman. Uwargida tana cikinta da kayanta duka, ba ta ji labarin saki ba. Amma da zarar ta shaƙi intanet, rumbun bayan teku zai sanar da ita maigida ya goge komai, ita kuma mai biyayya ce, nan take za ta goge nata. Ya ruga gida. Kawu ya ce, da wannan sanyin muryar, ai kuwa jiya mai gyaran ya bugo, an samo gilashi, gobe Asabar zai haɗa, har ya yi alkawarin jona ta da intanet ya sabunta mata komai kyauta saboda ta daɗe a hannunsa. Aka kira wayarsa. A kashe, ranar Juma'a ce.

Daga Soba zuwa Umdurman daga wannan bakin birni ne zuwa wancan. A wancan lokacin kuma, duk ranar da aka kira zanga-zanga, da kwantenoni ake toshe gadoji, don haka addu'ar Injiniya ta farko da asuba ita ce Allah Ya sa yau ba wanda ke fushi da gwamnati. Ya hau hafila, wato bas, zuwa Suk al-Markazi, ya sake wata zuwa tashar Jakson, ya sake ta uku. Kwandasta na kaɗa 'yan yatsu yana karɓar kuɗi, fasinja na kaɗa nasu in za su sauka, shi kuwa ji yake kowace kaɗawa rubutu ɗaya ne ke gogewa. Suka haye Farin Nilu daf da Mugran, inda kogunan biyu ke haɗuwa. Ko kallo bai yi ba. Ƙubbar Mahdi ta bayyana tana walƙiya. Ya roƙi direba da ido.

Ƙarfe goma ya faɗa shagon yana haki. Mai gyara na zaune yana kurɓar jabana. Kwamfutar Kawu tana can ƙasan tari, a ƙarƙashin wasu matattu guda biyar, ƙura a kanta har ana iya rubuta mata wasiƙa da yatsa. Ba a ko buɗe ta ba.

"Ya zol, ai na ce wa Ustaz gobe. Bukra, in sha Allah."

Wata huɗu Injiniya yana tsine wa wannan bukra. Ranar sai ya rungumi mutumin ya sumbaci kansa, har maƙwabtan shago suka leƙo suna tambaya ko an yi haihuwa. Aka jona kwamfutar da wani allon shago ta waya, ba ta san intanet ɗin wurin ba balle ta gaishe shi, uwargida ta buɗe ido da rubutu 2,011. Ya ɗaure ƙunshin a filashi uku. Ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka, ɗaya a cikin safa.

Zagaye na uku da ɗan sanda aka yi shi, wato ɗan Maraɗi a zaune a gefe da kofin shayi. Aka cire wankin Turawa, aka maƙala wa kowane suna lamba don kada wani ya sake kwanciya a kan wani, aka ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito. Ƙugiyoyi suka dawo, Larabci ya dawo. Abu ɗaya ya rage, shi ma Kawu ne ya tono shi: wani rubutu na azumin 2017 mai cewa an sha ruwa alhamdulillahi, da hatimin ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma. Kawu ya ce shi dai a saninsa bai taɓa shan ruwa da la'asar ba. Ƙunshin da agogon Girinwic yake rubuta lokaci, Khartum kuma a lokacin tana gabansa da awa uku, sai ranar 1 ga Nuwamba 2017 aka dawo da ita awa biyu. Aka gyara, aka wanke malam daga zargi.

Rubutu 129 na watanni huɗun ƙarshe ne suka zama ciwo. Na Larabcin sun tafi. Wasu Kawu ya sake zubo su daga ka, kamar yadda ya saba tun yana gaban allo, wasu kuma ya yafe. Na Hausar suna nan amma ba ƙugiya, hukuncin da aka yanke wa Injiniya kuwa shi ne ya mayar da kowace da hannu, kullum bayan isha'i, yana karantawa da ƙarfi Kawu na gyara. A dare na tara, Kawu ya shiga ɗauko ruwa, Injiniya ya buɗe wani gajeren rubutu:

"Maganar auren yaron nan da iyar Alhaji. Na same shi. Ya i."

Iyar Alhaji ba ta ba shi wahala ba. Ɗiya ce aka cinye wa ɗ, kuma ya san Alhajin, ya san ɗiyar, ya taɓa ganinta sau biyu a gidan suna. Kalmar ƙarshe ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya san Bahaushe ba ya cewa "ya i". Amma ai Kawu mutum ne mai sauri, ƙila "ya ce i" zai rubuta hannu ya tsallake. Da ya ji takun Kawu sai ya rufe ya wuce na gaba. Ɗan ƙanwa ba ya buɗe baki ya tambayi kawunsa zancen aurensa. Wata biyar ya rayu a kan wannan harafi ɗaya: ya ɗinka jallabiya, ya sayi turare a kasuwar Umdurman, ya fara gaida mutane da nutsuwar mai iyali. Yara na ce masa Ajuba yana murmushi.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, kuma kudancin Khartum inda muke na cikin wuraren da aka fara jin harbi. Wannan ba labarin dariya ba ne, ba kuma nan ne wurinsa ba. Muka fita cikin motocin da suka kwashi ɗaliban Najeriya zuwa iyakar Masar. Kawu ya bar katan shida na littattafai da kwamfutocin nan biyu a Soba. Shekara shidansa kuwa tana rataye a wuyansa cikin wata 'yar jakar fata, kamar laya. Muka yi kwanaki a bakin iyaka muna jiran a buɗe mana, rana ta gasa mu, dare ya daskarar da mu. Wani dare, muna kwance a gefen mota, na ga mutumin da ya kwana yana jin ƙarar jirgin yaƙi ba shi da sauran abin jin kunya. Na matsa.

"Kawu, wancan rubutun na Alhaji. Inda aka ce ya i."

Ya daɗe bai ce komai ba, har na zaci ya yi barci.

"Akwai ƙ a wurin," in ji shi. "Kai ka cinye ta."

Ya juya ya gyara mayafi. Can kuma, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Iyar tasa dai ba a tambaye ta ba. Tana nan da ranta, shekararta tamanin. In kana so, in mun isa gida sai in gwada."